Yini Ɗaya a Gaɓar Gana: Daga Takoradi Zuwa Elmina da Cape Coast

Manyan jiragen ruwan shaƙatawa da ke bin gaɓar Afirka ta Yamma sukan yada zango a Takoradi da sanyin safiya. Tashar ba don baƙi aka gina ta ba. Turawan mulkin mallaka ne suka buɗe ta a 1928 domin fitar da koko da katako da ma'adinai, kuma har gobe aikinta ke nan. Saboda haka fasinjan da ya kwana a ɗaki mai sanyi, ya karya kumallo a bene yana kallon teku, da ya sauko daga matakala sai ya tsinci kansa tsakanin kwantenoni da tulin manganis da manyan motocin dakon kaya. Motocin safa na jere suna jira, kowace da lamba a gilashinta.

A bakin matakalar akwai allon da aka rubuta lokacin da ake so kowa ya dawo, kuma wannan allo shi ke mulkin yinin gaba ɗaya. Ƙa'idar irin waɗannan jirage sananniya ce. Wanda ya sayi tikitin rangadi a hannun kamfanin jirgin, in motarsu ta makara za a jira shi. Wanda kuwa ya ɗauki tasi don kansa ya makara, sai dai ya nemi hanyar da zai tarar da jirgin a wata ƙasa. Shi ya sa mafi yawan fasinjoji ba sa kasada, motar kamfani suke shiga. Galibinsu dattawa ne daga Amurka da Turai, kuma a cikinsu akan sami baƙaƙen fatan Amurka waɗanda saboda wannan rana ɗaya suka biya kuɗin tafiyar.

Daga Takoradi zuwa Elmina kimanin kilomita 70 ne, Cape Coast kuma tana gaba da kilomita 12 ko 13. A takarda ba nisa, amma titin ɗaya ne: shi tireloli ke bi zuwa Akra, a kansa motocin haya ke tsayawa su kwashi mutane. Awa ɗaya da rabi zuwa, awa ɗaya da rabi dawowa, in an yi sa'a. A cire lokacin abincin rana, a cire jiran wanda ya tsaya ɗaukar hoto. Abin da ya rage wa garuruwa biyu masu tarihin ɗaruruwan shekaru bai fi awa uku ko huɗu ba.

Abu na farko da gaggawa ke cinyewa shi ne ƙananan garuruwan hanya. Ba a daɗe da barin Takoradi ba ake wuce mararrabar Shama, garin masunta da ke inda kogin Pra ya faɗa teku. A can akwai kagarar da 'yan Fotugal suka gina tun ƙarni na 16, kuma a nan kabarin Anton Wilhelm Amo yake. An ɗauke shi daga yankin Axim yana ƙaramin yaro aka kai shi Turai, ya tashi a fadar wani basarake na Jamus, ya yi karatu a Halle, ya sami digirin dakta a falsafa a Wittenberg a 1734, ya koyar da 'ya'yan Jamusawa a jami'o'in Halle da Jena, sannan ya dawo ƙasarsa ya rasu. In jagora mai himma ne, zai ba da wannan labari a lasifika cikin minti biyu, mota na gudu. Haka ake wuce Komenda, inda Ingilishi da 'yan Holan suka gina kagara biyu suna fuskantar juna, kogi kawai ya raba su, suka shafe ƙarshen ƙarni na 17 suna zuga sarakunan yankin su yaƙi juna.

Elmina kuwa hanci ke fara sanar da mutum an iso: hayaƙin bandar kifi, ƙarnin ɗanyensa, da warin man injin kwalekwale. Akwai gada a kan Benya, tafkin da ke haɗe da teku, kuma duk wanda ya tsaya a kanta ya dubi ƙasa zai ga abin da ya fi komai rai a garin. Kwalekwale ne cunkushe, gefe na gogar gefe. Gindin kowanne daga kututturen itacen wawa guda ɗaya aka sassaƙa shi, aka ƙara masa tsawo da katako, aka yi masa fenti ja da rawaya da shuɗi. A jikinsa an rubuta sunan da mai shi ya raɗa masa ko lambar wata aya ta Baibul, a samansa tutoci na kaɗawa, wannan ta Jamus, wancan ta Barazil, wata ta kulob ɗin ƙwallon da matuƙin yake goyon baya. Samari tsirara daga ƙugu zuwa sama suna miƙo kwanonin kifi, mata na karɓa suna ciniki da murya sama. Bayan wannan hayaniya farar kagarar Elmina take tsaye a kan dutse, teku na dukan gindinta.

'Yan Fotugal sun fara isowa wannan gaɓa a 1471. A watan Janairun 1482 Diogo de Azambuja ya sauka da mutum kimanin 600, sojoji da magina, da duwatsun da aka riga aka sassaƙa tun daga Fotugal. Ya zauna da sarkin wurin, Kwamena Ansa, wanda bai ɓoye rashin son ginin ba, amma aka gina. Zinariya suka zo nema. A shekarun farko har bayi 'yan Fotugal suke sayowa daga gaɓar Benin su kawo Elmina su sayar wa fataken zinariya. Gonakin rake na Barazil da tsibiran Karibiyan ne suka juya cinikin, har ɗakunan ajiyar kaya suka koma ɗakunan ajiyar mutane. A 1637 'yan Holan suka haura da igwa kan tudun da ke kallon kagarar, suka yi mata ruwan wuta har 'yan Fotugal suka miƙa wuya. Don kada wani ya yi musu irin abin da suka yi, suka gina wata kagara a kan tudun, tana nan har yau. Sun riƙe Elmina shekara 235, sannan suka miƙa wa Ingilishi a 1872.

A ciki, jagora kan fara da tsakar gida. Cocin 'yan Fotugal na tsakiya, wanda 'yan Holan suka mayar wurin ciniki, yanzu kuma ɗan gidan tarihi ne. Daga nan sai ɓangaren mata: ƙaramar tsakar gida mai duhu, kurkuku a kewaye, baranda a sama. Jagora zai nuna barandar ya ce nan gwamna yake tsayawa ya zaɓi wadda yake so, ya nuna matakalar katako da ke hawa zuwa ɗakunansa, ya nuna dunƙulen ƙarfen igwa a ƙasa ya ce a nan ake ɗaure wadda ta ƙi, a bar ta a rana. Akwai wani ɗaki da aka zana ƙoƙon kan mutum a saman ƙofarsa, ba taga, ba mashigar iska, inda ake jefa mazan da suka yi tawaye a bar su har su mutu. Jagorori sukan shigar da baƙi ciki su rufe ƙofa na 'yan daƙiƙu. A jikin bangon kurkukun akwai furannin da baƙi suka ajiye, wasu sun bushe, wasu da katin sunan iyali ko coci daga Jamaika ko Amurka. Ƙarshen zagayen wata 'yar siririyar kafa ce a bango mai kallon teku, wadda mutum ɗaya kawai ke iya bi, shi ma a karkace. Ta nan ake fitar da su zuwa kwalekwalen da zai kai su jirgi.

Masana sun ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 12.5 aka loda a jirage daga Afirka zuwa nahiyar Amurka, sama da miliyan 1 daga wannan gaɓa ta Gana. Ba wanda zai ce awa ɗaya a kurkukun nan ɓata lokaci ne. Jagororin sun san aikinsu, kuma mutane na fitowa da hawaye na gaske. Abin da ke damuna shi ne abin da ke biyo baya. Da an fito, sai a nufi mota. Samari za su tare baƙo da bawon dodon koɗi wanda suka rubuta sunansa a kai, don tun yana shiga suka tambaye shi sunan, su nemi ɗan abin da ya sauwaƙa. Wani ya ba da dala ɗaya, wani ya kau da kai, ƙofar mota ta rufe. Kamar wanda ya zo ta'aziyya ne, ya tsaya a kabari ya yi addu'a, ya juya bai shiga gida ya gaida masu rai ba.

Alhali daga inda motar take tsaye ma akwai abin tambaya. Filin da ke yamma da kagarar fayau yake, ba gida ko ɗaya, a garin da ko'ina cunkushe yake. A nan tsohon garin Elmina yake, da gidajensa na dutse. Mutanen garin ƙawayen Asante ne tun da daɗewa, kuma da 'yan Holan suka miƙa su ga Ingilishi ba tare da yardarsu ba, sarkinsu Kobina Gyan ya ƙi yin mubaya'a. Aka kama shi aka kai shi Saliyo. Ranar 13 ga Yunin 1873 Ingilishi suka buɗe wa garin wuta daga kagarar da kuma daga ruwa, suka ƙone shi ƙurmus, ba su kuma yarda an sake gini a wurin ba. Masu tonon kayan tarihi sun haƙo harsashin gidajen, da tukwane da duwatsun ado da lofen taba. A cikin kagarar nan ne kuma aka tsare Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya a 1896, kafin a wuce da shi Saliyo, daga baya tsibiran Seychelles, bai sake ganin Kumasi ba sai 1924.

Da za a ba baƙo awa biyu ya taka da ƙafa, zai ga maƙabartar 'yan Holan ta 1806, da gidajen attajirai masu bene na ƙarni na 19, da ɗakunan tsafin ƙungiyoyin mayaƙan gargajiya na Asafo, waɗanda aka ƙawata da mutum-mutumin siminti: jirgin ruwa da matuƙansa, Adamu da Hauwa'u, namun daji. Zai ga fadamun da ake shanya ruwan teku a kwashi gishiri. In ranar Talata ce zai tarar da kwalekwale a ɗaure, masunta na ɗinkin koma a inuwa, don ba a fita kamun kifi ranar. A Talatar farko ta watan Yuli ake bikin Bakatue, lokacin da sarki ke buɗe Benya ga masunta. Zai kuma ji kukan da garin ke yi yanzu. Ƙananan kifayen da talakan Gana ya dogara da su sun ragu ƙwarai. Shekaru da dama Elmina ce babban masaukin cinikin da ake kira saiko, inda manyan jiragen kamun kifi ke kwashe kifin da na masu kwalekwale ne, su daskarar da shi, su sayar a tsakiyar teku, duk da dokar ƙasa ta haramta. Daga 2019 gwamnati ta fara rufe kamun kifin kwalekwale na wata guda a wasu shekarun don kifin ya hayayyafa. Matar da ke bandar kifi a bayan kasuwa ta fi kowa sanin wannan, kuma ko kwabo na baƙin jirgi ba ya isa hannunta, don an biya kuɗin rangadi tun a jirgi, abincin rana kuma wani otal na bakin teku aka yi wa kwangilarsa.

Akwai wani tudu a garin da ake kira tudun Java, kuma daga nan labarin ya fara matsowa kusa da mu. Tsakanin 1831 da 1872 'yan Holan sun ɗebi mutum kimanin 3,000 daga Elmina suka kai su aikin soja a ƙasar da yanzu ake kira Indunusiya. A 1837 wani janar ɗinsu, Jan Verveer, ya je Kumasi ya ƙulla yarjejeniya da Sarkin Asante Kwaku Dua na Ɗaya don a riƙa ba su kurata. Da yawa daga cikin kuratan bayi ne da aka kawo daga arewa, aka fanshe su da kuɗin da za a cire daga albashinsu, abin da ya sa Ingilishi suka ce cinikin bayi ne aka sauya wa riga. Waɗanda suka tsira suka dawo, a kan wannan tudu aka ba su filaye suka zauna.

Baƙon jirgi daga teku yake zuwa, kamar yadda Azambuja ya zo, kuma labarin da ake ba shi daga ƙofar kagara yake farawa ya ƙare a ruwa. Amma waɗanda aka tsare a kurkukun ta tudu suka zo, wasu bayan tafiyar makonni a ƙafa. Bayan Asante ta rinjayi Gwanja da Dagomba a ƙarni na 18, ana biyanta haraji da bayi, kuma da yawansu gaɓar teku aka gangara da su. Gwanja ba baƙon suna ba ne a kunnen Bahaushe. Can fatakenmu suke zuwa da jakuna, su kai kanwa da tufafi da fata, su ɗauko goro. Kasuwar Salaga, wadda ta bunƙasa a ƙarni na 19, kasuwar goro ce kuma kasuwar bayi, kuma Hausawa na cikin masu saye da sayarwa. Gaskiya ce da ba ta da daɗin faɗa, amma ɓoye ta ba zai amfani kowa ba. Haka kuma Hausawa na cikin waɗanda aka sayar. Mafi yawan Hausawan da aka ƙetarar da su teku ba ta Elmina suka fita ba, ta Ikko da Badagiri da Wida ne, aka kai su Bahia a Barazil, inda suka jagoranci yunƙurin tawaye a 1807, wasu kuma suka shiga babban boren Musulmi na 1835. Daga cikin waɗanda suka gudu daga bauta a ƙasar Yarabawa ne wani Bature, John Glover, ya kafa rundunarsa ta Hausawa a Ikko a 1863, kuma Ingilishi sun kawo sojojin Hausa wannan gaɓa a yaƙinsu da Asante na 1873 zuwa 1874. Ta kowace fuska aka duba, da mu a cikin labarin.

Bayan abincin rana sai Cape Coast, kuma a lokacin jiki ya fara mutuwa, jagora ya fara duban agogo. Mutanen Suwidin suka fara kafa kagarar a 1653, Ingilishi suka ƙwace ta a 1664, ta zama hedikwatarsu har 1877 da suka mayar da babban birni Akra. Kurkukun maza a ƙarƙashin ƙasa yake, ana gangarawa cikinsa ta wata hanya mai santsi, kuma a daidai samansa aka yi cocin Ingilishi. Jagora zai haska daɓen da tocila ya ce abin da ake takawa ba dutse ba ne zalla, ƙazantar mutanen da aka tsare ce ta daskare a kan tubalin tsawon shekaru, ya nuna alamar da ke bango inda tudunta ya kai kafin a haƙe wani sashe. A ƙurya akwai wurin tsafin Nana Tabir, wanda mutanen garin ke girmamawa tun kafin a gina kagarar. A tsakar gida kuma kaburbura ne: na gwamna George Maclean, da matarsa marubuciya Letitia Landon wadda ta rasu a 1838 watanni kaɗan da isowarta, da na Philip Quaque, ɗan garin, baƙar fata na farko da cocin Ingila ya naɗa limami, wanda ya shafe kusan shekara 50 yana wa'azi da koyarwa a cikin ginin, galibinsu ana tsakiyar cinikin bayi.

A 1998 aka tono ƙasusuwan bayi biyu, Samuel Carson daga Amurka da wata mata mai suna Crystal daga Jamaika, aka shigo da su ta ƙofar da ake fitar da mutane zuwa jirgi. Tun daga nan aka rubuta wa ƙofar suna ta waje: ƙofar dawowa. Barack Obama ya zo da iyalinsa a Yulin 2009, Gana kuma ta ware 2019 ta gayyaci jikokin waɗanda aka kwashe su zo gida, kuma sun zo da yawa. Hukumar UNESCO ta sanya waɗannan kagarori cikin kayan tarihin duniya tun 1979. Da an buɗe waccan ƙofa, abin da ke bayanta masunta ne da komarsu da yara na wasa a rairayi.

Garin kansa ta gilashin mota ake ganinsa. Can kan tudu makarantar Mfantsipim ce, wadda aka kafa a 1876, inda Kofi Annan ya yi karatu. Ga kasuwar Kotokuraba, ga kuma zango a kusa da ita, inda ake jin Hausa a bakin mahauci da tela da mai sayar da koko da ƙosai, ana kiran sallar la'asar daidai lokacin da motocin baƙi ke juyawa su kama hanyar Takoradi. Zuriyar fatake da sojoji da malamai ne da sauran mutanen arewa, wasunsu kakanninsu sun gangaro kudu bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa kasuwar.

Gyaran bai fi ƙarfin kowa ba. Kagara ɗaya ta isa a yini ɗaya, a bar sauran lokacin ga gari: a sauka a gadar Benya, a ɗauki ɗan gari ya yi jagora, a ci dokunu da soyayyen kifi a inda mutanen gari ke ci, kuɗin ya faɗa hannun da ya dace. Akwai masu zagayawa da baƙi da ƙafa a Elmina, abin da suka rasa shi ne lokaci a jadawalin jirgi. Su ma jagororin kagara, da za su ƙara minti biyar su faɗi daga ina mutanen kurkukun suka fito, da wa ya kamo su da wa ya sayar, da labarin ya cika.

Ƙasusuwan bayin nan biyu da aka dawo da su a 1998 ba a Cape Coast aka binne su ba. An kai su Assin Manso, kimanin kilomita 40 arewa da garin, a bakin rafin da ake yi wa bayi wankan ƙarshe kafin a gangara da su kasuwar gaɓa. Yinin baƙon jirgi ba kasafai yake kaiwa can ba, balle Salaga da ke can arewa mai nisa, inda rijiyoyin da ake shayar da bayi suke har yanzu. Amma wanda ya taso daga Tamale ko Kumasi a mota zai je Cape Coast, titinsa ta Assin Manso ya bi, kuma rafin ba shi da nisa da bakin hanya.